Ista, Idin Ƙetarewa, da zumuncin abokai

Wata mai karatu ta rubuto tana tambaya: "Malam, a majami'a wasu kan ce Ista, wasu Idin Ƙetarewa, wasu kuma Idin Tashin Almasihu. Duk suna ɗaya ne?"

'Yar'uwa, ba ɗaya ba ne, ko da yake tushensu a harɗe yake. Idin Ƙetarewa idin Yahudawa ne, wanda suke kira Pesak da Ibrananci. Labarinsa na cikin Fitowa sura 12: a daren da aka kashe 'ya'yan fari na Masar, an ƙetare gidajen Isra'ilawa da aka shafa wa jinin ɗan rago a dogaran ƙofa. Masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa sun yi dabara a nan, suka ɗauki ma'anar maimakon su aro lafazin. Ƙetare kuwa kalmarmu ce ta yau da kullum, ana ƙetare kogi, ana ƙetare siraɗi. A lokacin wannan idi ne Yesu ya ci jibin ƙarshe da almajiransa, aka gicciye shi ranar Jumma'a, Kirista kuma suka gaskata ya tashi ranar Lahadi. Shi ya sa Girkawa ke kiran Ista Paska, daga Pesak, sunan da Faransawa ke kiranta ma daga can ya fito.

Ista aro ce daga Turanci. Bede, wani malamin zuhudu na Ingila a ƙarni na 8, ya ce sunan ya samo asali daga Eostre, wata allahiyar kakanninsu da aka sa wa wani wata sunanta. Ga Bahaushe kalmar ba ta faɗi komai ba. Ni dai na fi son Idin Tashin Almasihu, don ko yaro ya ji ya san abin da ake murna a kai. Amma Ista ta zauna a baki, ba kuma laifi ba ne a ce "Barka da Ista".

Ranar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Tun taron shugabannin Kirista a birnin Nikiya a shekarar 325 ake ƙoƙarin haɗa majami'u a kan rana guda, ƙa'idar da ta zauna kuwa ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo daga 21 ga Maris zuwa sama. Don haka takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Majami'un Otodoks na bin tsohuwar kalanda, tasu takan zo daga baya.

Wani ɗan'uwa kuma ya ce: "Bayan sujada da abokaina nake yini, ba dangi ba. Karin maganar nan, zumunci a ƙafa yake, ta shafe mu?"

Ta shafe ku ƙwarai, ɗan'uwa. Zumunci daga zumu ya fito, zumu kuwa bai tsaya ga ɗan'uwa na jini ba, ya haɗa da aminin da ya zama kamar ɗan gida. Shi ya sa aka ce zumu zuma ne. Abin da karin maganar ke nema shi ne takawa: ka je, a gan ka, a ci tare. Saƙon waya gaisuwa ce mai kyau, amma bai cika sharaɗin ƙafa ba.

Ka kula da jinsi idan za ka faɗe ta. Zumunci namiji ne, a ƙafa yake. Zumunta mace ce, a ƙafa take. Duka biyun daidai ne, gauraya su ne kuskure.