Jadawali, kundi, da "tun ran gini tun ran zane"

Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta daga Tudun Wadar Kaduna ya aiko da tambayoyi biyu. Malaminsu ya sa su yin zanen nan mai akwatuna da kibau da ake yi kafin a rubuta manhaja, wanda Bature ke kira fulocat, shi ɗalibin ya so ya yi wa mahaifinsa bayani da Hausa, suna ya gagara. Sannan yana tambaya ko karin maganar "tun ran gini tun ran zane" na nufin a zana fasalin aiki kafin a soma shi.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da mahaifinka. Wasu na cewa taswira, ni ban gamsu ba. Taswira tana nuna inda abu yake, Kawo ta arewa, Kakuri ta kudu, amma ba ta faɗin abin da zai riga wani. "Zane" kuma ya yi faɗi, ga shi a rubuce ba a bambanta shi da zanen ɗaurawa, sai a baki, inda na hoto ke jan wasalin farko. Ni "jadawalin matakai" na zaɓa. Kalmar daga Larabci muka aro ta, kuma a can jadwal na nufin ƙaramin rafi, ban da ma'anar da muka sani ta jerin darussa. Zanen naku kuwa hanyar ruwa ce sak: ya taso, ya gangara, ya rabu biyu, ya sake haɗewa.

Ka kai Baba wurin mai POS a Kasuwar Barci, a baki. A zanen, siffar ƙwai ita ce farawa. Akwati karkatacce, an sa kati an danna lambar sirri. Sai wanda ya tsaya a kan tsininsa, shi ne mararraba, tambaya ɗaya gare shi: kuɗin asusu sun kai? In eh, kibiya ta nufi akwatin cire kuɗi. In a'a, ta karkata wajen takardar da ke sa mutum sosa ƙeya. Wannan dabara ta girmi kwamfuta. Frank da Lillian Gilbreth sun gabatar da irinta a Amurka a 1921 don aikin masana'antu. Su kuwa matakan kansu, wato algoridim, sunan al-Khwarizmi ne, masanin lissafin Bagadaza na ƙarni na 9, bakin Turawa ya lanƙwasa.

Kafin in zo kan karin maganar, wata malama daga Unguwar Rimi ta ce an turo musu "mai nazarin tsari" ofis, ya ishe su da tambaya, wa ke sa hannu, fayil ina yake zuwa daga nan. Ta ce wannan ai bin diddigi ne. Malama, sunan ya dace da shi, kuma ki ba shi amsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ku ne masu ɗakin. Wanda ya kamata ki yi shakka shi ne wanda ya zo da manhaja a shirye bai tambayi kowa ba.

To, karin magana. A nan ka ɗan kauce, ɗana. Zanen da ake nufi ba na takarda ba ne. Ka dubi tsofaffin gidajen birnin Zariya, adon da ke fuskar zaure: magini kan yi shi ne tun yaɓe na ɗanye. Haka maginiyar tukunya take zana wuyanta kafin ta bushe. In ƙasa ta sha rana, sai dai ka kankare ko ka fasa. Ashe zanen tare da ginin yake tafiya, ba gabansa ba, shi ya sa aka fi kawo ta kan tarbiyyar yaro. In shiri tun da wuri kake nufi, ce "ba a fafe gora ranar tafiya".

Amma kada ka yar da ita, tana da gurbi a sana'arku: rubuta bayanin manhaja. Wannan ni "kundi" nake ce masa. Kundin malamin zaure tarin takardu ne na fa'idoji da laƙani, wanda in almajiri ya gada zai iya ci gaba da aikin. Daga nan muka sami kundin tsarin mulki. Na manhaja iri biyu ne, na mai amfani da ita, da na wanda zai gyara ta gobe, mai ɗauke da jadawalin matakai da dalilin kowane mataki. Na biyun ne ake ɗagawa "sai an gama", kuma ran da aka gama yaɓe ya bushe, mai ginin ma ya manta.

Na ga haka da idona a wata makaranta da na taɓa koyarwa. Wani yaro haziƙi ya gina mana manhajar haɗa sakamakon jarrabawa, ya sami aiki ya tafi, ko shafi ɗaya bai bari ba. Da aka canza yadda ake raba maki, wanda aka kira ya kwana uku yana kallon allon kwamfuta, sannan ya ce gara ya sake sabuwa. Zangon nan da biro da kalkuleta muka tara makin ɗalibai, aji bayan aji, har bayan sallar isha'i.