Zoben jan yakutu: in zuba jari ko in tsaya a gwal?

Tambaya: Ina sayar da gwala-gwalai da nake sarowa daga Dubai. Wani mai shago a can ya nuna min zobba masu jan yakutu, ya ce shi ne dutsen waɗanda aka haifa a watan Yuli, kuma ana rububinsa. Ko in raba jarina biyu in shigo da su?

Amsa: Hajiya, kada ki raba jarin nan biyu.

Maganar Yuli gaskiya ce. A 1912 masu sayar da kayan ƙawa na Amurka suka tsara jerin duwatsun watannin haihuwa, yakutu ya faɗo a Yuli. Amma al'adar can ce. Mai shigowa shagonki da kuɗin adashi ko na lefe, tambayarta ɗaya: nawa ne giram? Tana sayen gwal ne don ado da ajiya, ranar da buƙata ta taso ta kai a ɗora a sikeli. To a ranar nan za a cire nauyin dutsen, a biya ta kuɗin gwal kaɗai. Idan kin caje ta kuɗin yakutu mai tsada, ke za ta riƙe a rai.

Dutsen kansa ba shi da laifi. A ma'aunin tauri yana da 9, lu'ulu'un daimon 10, don haka yana jure sawa kullum. Na Mogok a Myanmar shi ne ya yi suna, sai na Montepuez a Mozambik da aka gano a 2009. Wani yakutun Mozambik ɗin mai nauyin karat 55.22 an yi gwanjonsa dala miliyan 34.8 a New York a 2023. Irin labarin da ake ba mai saye ke nan don ya saki jiki.

Matsalar ita ce abubuwa da yawa suna amsa sunan yakutu. Akwai na asali da ba a taɓa ba, shi ne mai tsadar gaske. Akwai wanda aka gasa a wuta don jansa ya fito, kuma yawancin na kasuwa haka suke, ba aibu ba ne in an faɗa. Akwai na masana'anta, tun 1902 aka san hanyar yinsa, mai araha sosai. Wanda ya fi cutar 'yan kasuwa shi ne mai tsage-tsage da aka cike da gilashi mai dalma. A ƙarƙashin fitilar shago ja wur yake, amma ruwan lemon tsami ko sinadarin wanke-wanke kan dusashe shi, tsagogin su fito fari-fari. In maƙeri ya kai masa wuta wajen rage zoben, shi ke nan. Ido ba ya raba waɗannan, ko da kin shekara ashirin a harkar gwal.

In har kina so ki gwada, ki fara da oda: wadda ke so ta ba da kafin alƙalami, sannan ki sayo. Dutse mai tsada kada ki karɓa sai da takardar gwaji daga cibiya sananniya irin GIA, ki duba lambarta a shafinsu na intanet kafin ki biya. Ki sa mai shagon ya rubuta a rasit nauyin gwal daban, kuɗin dutse daban, da abin da aka yi wa dutsen. Wanda ya fara kame-kame a nan, ki yi masa sallama.

Na masana'antar kuwa za ki iya ajiye 'yan kaɗan a shago, ki faɗa wa mai saye ko mene ne, ki sa farashinsa kusa da kuɗin gwal ɗin.