Tambayoyin Masu Karatu: Wa da Ƙane, Ɗaya a Ƙauye Ɗaya a Birni

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Gwaram, jihar Jigawa. Ina da 'ya'ya maza biyu, uwa ɗaya, tsiransu bai kai shekara biyu ba. Ƙanena ya ɗauki ƙaramin riƙo zuwa Kano tun yana ɗan shekara shida, babban yana hannuna. Kowa a gidanmu ya san babban ya fi kaifin kai, a makarantar allo ma ya wuce sa'o'insa. Da suka haɗu a hutun Sallah sai na ga ƙaramin, ɗan aji huɗu, yana karanta saƙon waya na Hausa da na Turanci. Babban kuwa yana aji biyar, kwafar abin da ke kan allo kawai ya iya, bai iya karanta shi ba. Abin ya tsaya mini a rai. Ɗan ƙauye ba zai taɓa kamo ɗan birni ba ke nan? Ina tunanin sayar da gona ɗaya in kai shi makarantar kuɗi a gari.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya raya su, ya yi musu albarka. Kada ka sayar da gonar nan.

Kan ɗanka lafiya lau yake, kuma shaidar tana cikin wasiƙarka. A makarantar allo yana da malamin da ke nan kullum, safe da dare, wanda zai zaunar da shi shi kaɗai ya biya masa, ya saurari karatunsa, kuma ba zai bar shi ya wanke allo ba sai karatun ya zauna. A makarantar boko, ina kyautata zaton tun daga aji ɗaya har yau ba wanda ya taɓa kiran sa ya ce karanta mini wannan layin. Ana ta ciyar da shi gaba duk shekara saboda shekarunsa, karatun kuwa an baro shi tun a baƙi da wasali.

Na koyar a ƙauye, na koyar a birni kafin in yi ritaya, kuma abin da ya fi raba yaran biyu a idona shi ne yawan awannin da yaro ke samu a gaban malami. Ka yi lissafin da kanka. Malamin ƙauye sau da yawa a gari yake kwana, ya hau babur ya iso hantsi ya dubi ludayi, kafin azahar ya juya. Ranar kasuwa aji ya zama fayau. Zango na uku yana faɗowa daidai kan shuka da noman fari, zango na farko kuma kan girbi da zazzaɓin cizon sauro. Iska ta yaye kwanon aji, a shekara ba a gyara ba. Malamin kirki in an turo shi, bai gama zama ba ya fara neman a mayar da shi gari, kuma ban ga laifinsa sosai ba, don ba gidan malamai, ba asibitin da zai kai matarsa in haihuwa ta zo da dare. A wasu yankunan na Katsina da Zamfara da Kaduna abin ya wuce haka, tun bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, an rufe makarantu na tsawon lokaci, iyaye kuma suka ji tsoron tura yara. In ka tattara, shekara biyar ta ɗanka a takarda ba ta kai biyar a karatu ba. Ƙanensa kuma ko bai shiga aji ba rubutu na bin sa: allon shago, bayan adaidaita sahu, wayar baffansa, littafin 'yar gidan da ke sakandare.

Masana sun daɗe a kan wannan magana. A 1966 James Coleman ya jagoranci bincike a Amurka kan ɗalibai sama da 600,000, ya gano cewa halin gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri a kan sakamakonsa. Mutane da yawa sun tsaya nan, suka ce to ɗan talaka sai haƙuri. Amma a 1983 Stephen Heyneman da William Loxley suka duba ƙasashe 29, suka ga cewa a ƙasashe matalauta nagartar makaranta da malami ce ta fi nauyi. Dalilin a fili yake: gidan da ba littafi ko ɗaya, makaranta ce kaɗai inda yaro zai haɗu da karatun boko, in ta yi kyau ya samu, in ta lalace ya tashi a tutar babu. Ni wannan binciken na biyu yana ƙarfafa mini gwiwa, domin gyara aji ɗaya yana hannun mutanen gari, korar talauci kuwa aiki ne mai tsawo.

Talauci yana da nasa rabon, kuma ta ciki yake shiga. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Yaron da ya zo aji bai karya ba, kafin a fita tara ya fara gyangyaɗi. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 aji ɗaya zuwa uku kawai ya shafa, kuma yau a yi gobe a daina. Gonar da kake son sayarwa ita ke ba ɗanka koko da ɗumame da safe. Kuɗinta zai ƙare cikin 'yan zanguna, sannan ga sauran yara a bayansa.

Kuma kada sunan birni ya ruɗe ka. A cikin Kano akwai firamaren gwamnati da yara fiye da ɗari ke zaune a ƙasa a aji ɗaya, akwai ƙananan makarantun kuɗi da abin da suka fi ta ƙauyenku da shi yunifom ne kawai. Ƙaramin ɗanka ya dace da gidan da ake duba littafinsa.

Abin da zan ba ka shawara ya fi gona arha. Ka nemi wani matashi a ƙauyenku da ya gama sakandare ko ya yi NCE yana zaune ba aiki, ai ba a rasa su. Ku haɗu ku magidanta huɗu ko biyar, ku yi masa alkawarin hatsi in kaka ta yi. Ya zauna da yaran rabin awa kullum bayan la'asar, ya koma da su tushe, ba be bi bo bu, da Hausa tukuna, sai harshe ya kama sannan a shiga Turanci. A raba su bisa abin da kowa ya iya, a manta da ajin da yake. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yi fice da wannan tsari, an kuma gwada shi a Borno da Kano. Yaro mai kai irin ɗanka, wata uku zuwa huɗu za ka ji yana haɗa jimla. Sannan ka shiga kwamitin iyaye da ke sa ido kan makaranta, wanda ake kira SBMC. Ku riƙa rubuta ranakun da malamai suka zo da waɗanda ba su zo ba, ku ɗauki dagaci ku kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro karatun shekara tara kyauta, haƙƙinku za ku je nema.

Batun kamo ɗan birni kuwa, an riga an gani. A 1977, lokacin Jigawa tana cikin jihar Kano, aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana ɗibar yara ta hanyar jarrabawa daga ko'ina a jihar, a ba su kwana da abinci da malamai tsayayyu. 'Ya'yan manoma da yawa daga can suka fito likitoci da injiniyoyi.

TAMBAYA: Malam, ni bazawara ce a Rimin Kebe, Kano, mijina ya rasu ya bar ni da yara huɗu. Babbar tana aji biyu na ƙaramar sakandare, ita ke kai mini tallan awara da yamma har bayan isha'i. Da tana zuwa ta uku, yanzu ta koma can baya. In na hana ta talla ba mu da abin ci. Yaya zan yi?

AMSA: Allah ya jiƙan maigidanki, 'yar'uwa, ya buɗa miki. Ba zan ce ki daina sana'ar da ke riƙe da marayu ba. Daren ne matsalar: yana cinye barcinta da lokacin bitarta, ga haɗarin yarinya budurwa a bakin titi cikin duhu. Ki ja suyar ta koma bayan la'asar, ta dawo gida kafin magariba, abin da ya rage ki sayar a ƙofar gida ko ki ba mai shayi ko mai shagon unguwa sari, ko da ribar ta ɗan ragu. Mako biyu kafin jarrabawa ki sauke mata tallan gaba ɗaya, ki shirya wa wannan tun farkon zango da ɗan adashi. Ki kuma je makarantar da ƙafarki, ki samu malamar ajinsu ki faɗa mata halin da kuke ciki, ki tambaye ta darasin da yarinyar ta fi faɗuwa, don a san inda za a fara ɗora ta.