Idon Gari a Gajerun Labaran Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai nazarin adabin Turanci, ina aji biyu a jami'a. Kullum ana ce mana Amurkawa mutane ne na kowa tasa ta fisshe shi, babu ruwan wani da wani. Amma tsofaffin gajerun labaransu da aka ba mu mu karanta, duk wanda na buɗe sai in tarar mutanen gari sun cika shi: maƙwabta, 'yan coci, masu tsegumi. Wane aiki jama'a ke yi a cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Kin lura da abin da ɗalibai da yawa kan wuce ba su gani ba. Amurkar waɗannan marubuta ba ta dogayen benaye ba ce. Sai a ƙidayar 1920 aka fara samun mazauna birane sun fi na karkara yawa, don haka yawancin labaran nan a ƙananan garuruwa suke faruwa, inda kowa ya san kowa har kaka da kakanni. A irin wannan gari jama'a su ne ido, su ne baki, wani lokaci su ne alƙali. Abin da ya fi damun marubutan kuma shi ne gari ya sani, ya yi shiru.

Nathaniel Hawthorne ya gaji wannan damuwa a gida, domin wani kakansa, John Hathorne, na cikin alƙalan shari'ar maita ta garin Salem a 1692. A labarinsa "Young Goodman Brown" na 1835, wani matashi ya shiga daji da dare, ya tarar da limamin cocinsu da tsohuwar da ta koya masa addini suna hanyar zuwa taron Shaiɗan. Ko mafarki ne ko ido biyu, ba a faɗa mana ba. Ya dai dawo gari bai sake yarda da kowa ba har ya mutu.

Inda na fi so ki tsaya shi ne "A Rose for Emily" na William Faulkner, 1930. Duba wanda ke ba da labarin. Ba "ni" yake cewa ba, "mu" yake cewa, wato garin Jefferson ne da kansa ke magana. Emily 'yar babban gida ce da arziki ya gushe, ta soma fita da wani baƙo ɗan Arewacin ƙasar mai suna Homer Barron, gari ya ɗauki surutu. Ta je ta sayi guba, mai kantin magani ya ba ta, ya rubuta a jikin ƙunshin cewa ta ɓeraye ce. Homer ya shiga gidan, ba a ƙara ganinsa ba. Can sai wari ya tashi. Maƙwabta suka kai kuka, dattijon alƙalin gari ya ce ai ba a duban mace mai mutunci a ce mata tana wari. Sai maza huɗu suka lallaɓa bayan tsakar dare kamar ɓarayi, suka barbaɗa farar ƙasa a gindin gidan, wari ya lafa, magana ta mutu. Bayan shekara arba'in, da aka binne ta, suka fasa ɗakin sama suka tarar da ƙasusuwan Homer a gado, ga dogon gashi mai furfura a matashin da ke gefensa. Ki lura da jimla guda: mai ba da labarin ya ce dama sun san da wannan ɗaki. Kenan kara ce da kunya suka rufe kisan kai. Duk lokacin da na karanta wa ɗalibai wurin nan, sai an sami wanda ya yi murmushi, don ya san gidan da ba a taɓawa a unguwarsu.

Shirley Jackson ta kai abin maƙura a "The Lottery", wanda mujallar The New Yorker ta buga ranar 26 ga Yuni, 1948. Ƙauye ne na mutum kusan 300. Safiya mai daɗi, yara na tara duwatsu, mata na gaisawa, ana sauri a gama kafin abincin rana. Kowane maigida ya zaro takarda daga wani tsohon baƙin akwati. Ƙuri'a ta faɗa kan Tessie Hutchinson, aka jefe ta, har ƙaramin ɗanta aka miƙa wa tsakuwa. Babu mugu ko ɗaya da za ki nuna da yatsa. Akwai dai tsoho Warner, wanda ya halarci ƙuri'ar sau 77, yana faɗa da masu son a daina, wai haka aka tarar. Ita ma Tessie ba ta ga aibun abin ba sai da ya zo ƙofarta. Masu karatu da dama sun fusata har suka soke rajistar mujallar.

Zora Neale Hurston, wadda ta tashi a Eatonville, garin baƙaƙen fata a jihar Florida, ta nuna wani salon shirun a "Sweat", 1926. Delia wankau take yi tana ciyar da miji mai dukanta. Mazan gari na zaune a barandar kantin Joe Clarke, irin majalisar nan tamu ta bakin titi. Sun san komai, sun tsine wa mijin, har sun ce ya cancanci a hukunta shi. Sai zafin rana ya kashe musu jiki, hira ta koma kan kankana.

Kada ki ɗauka kullum jama'a ce mai laifi. A "A Jury of Her Peers" na Susan Glaspell, 1917, ana zargin Minnie Wright da shaƙe mijinta da igiya. Maza masu bincike na ta hawa bene suna sauka, suna yi wa mata dariya don sun tsaya duba kayan kicin. Matan biyu kuwa, maƙwabciyarta da matar shugaban 'yan sandan yankin, sun ga ɗinkin da ya karkace, sun ga kejin da aka ɓalle wa ƙofa, sannan suka tarar da ɗan tsuntsunta a akwati, an murɗe masa wuya. Nan suka gane irin zaman da ta yi shekara da shekaru a gidan da ba ya ganin baƙo. Maƙwabciyar ta zargi kanta da rashin zumunci, ta ce ƙin leƙowar da ta yi shi ma laifi ne. A lokacin, yawancin jihohin Amurka ba sa barin mata su zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci. Da suka ji takun mazan na dawowa, matar ɗan sandan ta yi ƙoƙarin cusa akwatin a jakarta, bai shiga ba. Maƙwabciyar ta fizge shi ta tura a aljihun rigar sanyinta.