Akwatin kunna wutar obin ya ci amanata, mai shago ya ce ba a dawo da kaya

Tambaya: Barista, ina da gidan burodi a Tudun Wadan Zariya. Wata biyu ke nan da na sayi akwatin kunna wutar obin ɗin gas a wani shago a Sabon Gari, mai shagon har da rantsuwa cewa orijina ne. Ranar Laraba wuta ta mutu, gas bai tsaya ba. Da yarona ya sake kunnawa sai ta yi bindiga, ta ƙone masa hannu, ta lanƙwasa ƙofar obin. Na koma shagon, sai ya nuna mini rubutun rasit: "ba a dawo da kaya". Ina mafita?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba yaron lafiya. Kafin komai, kada ka bari wani mai gyara ya kwance akwatin. Ka adana shi da kwalinsa da rasit, ka ɗauki hoton ƙofar, ka karɓi takardar asibiti.

Aikin akwatin nan uku ne: ya ƙyasta wuta, ya buɗe bawul ɗin gas, idan kuma sandar da ke jin harshen wuta ta daina jin sa, ya datse gas cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ya kasa na ukun bai yi abin da aka saye shi dominsa ba, kuma a kan wannan ƙararka za ta dogara.

Rubutun rasit kada ya razana ka. Dokar kare masu sayen kaya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba da wata uku a mayar da kaya mai aibi, a gyara, a canza ko a biya kuɗi. Sai dai lauyan mai shagon zai ce kai ba mai saye don amfanin kanka ba ne, burodin sayarwa kake gasawa da shi, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Shi ya sa na fi son mu dogara da dokar cinikin kaya, hujjarmu ita ce: ka riga ka faɗa masa abin da za ka yi da akwatin, ka dogara da saninsa, ya ba ka wanda bai dace ba. In kuwa ku biyun Musulmi ne, kotun shari'a ma ta san zaɓin mayar da kaya saboda ɓoyayyen aibi.

Tabbas zai ɗora laifin a kan wanda ya haɗa maka, ko a kan wutar NEPA. Da yawa daga cikin akwatunan da ke zuwa daga Amurka lantarki mai ƙarfin bolt 24 suke ci, mu kuwa 230 ke shigo mana. Don haka ka samo injiniya da ba ruwansa da ku, ya duba lambar akwatin da ta obin, ya rubuta rahoto. In jabu ne, sai a sanar da hukumar SON mai kula da ingancin kaya.

Ka fara da wasiƙar lauya mai wa'adin kwana 14, kwafi ɗaya ga shugabannin kasuwa, don sau da yawa a wurinsu ake gamawa. Maganin yaron kuwa, a yanzu kai za ka biya tunda a bakin aikinka ya ji rauni, sai mu sa kuɗin cikin abin da za mu nema.