Baƙar fatar da aka ɓoye hotonsa a kiɗan kantiri

TAMBAYA: Malam, ni dai na taso da sanin cewa kiɗan kantiri na fararen fatar karkarar Amurka ne. Sai ga shi an ce mini akwai baƙar fatar da ya yi fice a cikinsa, Charley Pride. Da gaske ne? Ta yaya suka bar shi ya shiga?

AMSA: Da gaske ne, Malama, kuma bai shiga da sauƙi ba. An haifi Pride a 1934 a Sledge, jihar Misisipi, cikin 'ya'ya 11 na manomin auduga da ke noma gonar wani a raba amfanin. Yana ɗan shekara 14 ya sayi gitarsa ta farko, amma a lokacin hankalinsa na kan wasan besbol. Ya buga wa Memphis Red Sox a gasar baƙaƙen fata, abin bai kai shi inda yake so ba, ya ƙare a masana'antar narka dalma a jihar Montana, yana waƙa bayan an tashi aiki.

A 1965 Chet Atkins, mai shirya faifan waƙa, ya ɗauke shi a kamfanin faifai na RCA. Wurin da ke taɓa mini zuciya ke nan: faifansa na farko an aika wa gidajen rediyo ba tare da hotonsa ba, don gudun kada a ga fuska a ƙi sakawa. Mutane suka yi ta son muryar ba su san mai ita ba. A 1966 aka kira sunansa a wani babban taro a Detroit, tafi ya kaure, yana fitowa fili sai tafin ya mutu. Ki tuna shekara biyu kacal ke nan da sa hannu kan dokar da ta haramta wariyar launin fata. Bai ja da baya ba, ya yi musu raha a kan launin fatarsa, ya kama waƙa, zauren ya dawo hannunsa. A ganina jarumtar da ya nuna a wannan daren ta fi duk lambobin da ya samu daga baya.

Lambobin kuwa ba kaɗan ba ne. Waƙoƙinsa 29 sun hau matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri na mujallar Billboard, a 1971 ƙungiyar kiɗan kantiri ta Amurka (CMA) ta zaɓe shi gwarzon shekara, a 2000 ya zama baƙar fata na farko da aka sa a zauren karrama gwanayen kantiri a Nashville.

Batun cewa kiɗan na farare ne kaɗai, a yi gyara. Banjo da suke kaɗawa, wadda ta yi kama da gurmi, bayi 'yan Afirka ne suka ƙera ta a can, kuma tun shekarun 1920 DeFord Bailey, baƙar fata, ya riƙa busa hamonika a Grand Ole Opry, shahararren dandalin kiɗan kantiri da ke Nashville.

Pride ya rasu a Dallas ranar 12 ga Disamba 2020 sakamakon korona, yana da shekara 86.