Mai Gidan Kallo Ya Riƙe Mana Albashi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Tikiti nake yankawa a wani gidan kallo a Gombe. Wata uku ke nan ba a biya mu ba, alhali an ƙara kuɗin shiga har samarin unguwa sun fara ja da baya. Abokaina sun ce mu sa jama'a su ƙaurace wa gidan. Mu yi?
Daga wani matashi a Tudun Wada.

Amsa: Ƙanena, wasiƙarka ta sosa mini rai. Na san zaman nan a bakin ƙofa har sha ɗayan dare, janareto yana ruri a kunne, kana ƙirga kuɗin wani, aljihunka babu ko na achaɓa.

Amma kada ku fara da ƙauracewa. Idan benci ya zama fanko, kun ba maigida hujjar cewa babu ciniki. Marubutan fim na Amurka sun yi yajin aiki na kwana 148 a 2023 kafin su samu biyan buƙata, to amma su ƙungiya ce ta tsaya musu. Ku wa gare ku?

Ku haɗa kai, ku rubuta abin da kowa yake bi, ku je masa da dattijon da yake jin kunyarsa. Man janareto ya yi tsada, gaskiya ne, sai dai ba da guminku za a saye shi ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma ladan da kuka yi yarjejeniya a kai bashi ne a wuyansa. In ya ƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana sauraron irin wannan ƙara.